Shin a sa wa kokawa ɗamara irin ta 'yan karate?

Usman Koci (Gadarif): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a mai da ita wasa tun daga farko, da kai nake Haruna. Kun san tun da yaƙi ya fito da mu daga Hartum a 2023 na zauna nan Gadarif, nake tara yaran unguwa da la'asar ina koya musu kokawa a filin bayan makaranta. Da damina sun kai ashirin da bakwai. Yanzu in na samu goma sha biyu na gode Allah. Na bi sawu, ashe wani nadi, wato kulob, aka buɗe na karate, can suka koma. Jiya na tare ɗaya daga cikinsu, yaron da nake ji da shi, na ce me ka gani can? Ya ce: "Koci, can wata uku aka ba ni hizami rawaya. Nan shekara guda ina faɗuwa a ƙasa ba a ba ni komai ba." Hizami yana nufin ɗamarar da suke ɗaurawa a ƙugu. Wallahi maganar ta hana ni barci. Shi ne nake tunanin ko mu ma mu yi wa kokawa matakai na ɗamara, fara, rawaya, kore, har zuwa baƙa. Me kuka gani?

Haruna Mai Agashe (Bur Sudan): Wa alaikumus salam. Ni ban ce komai ba tukuna amma an kira sunana. Tambaya ɗaya: a ina za a ɗaura ɗamarar? A kan walki? Ai ka ba abokin karawa mariƙi kenan, ya cafko ta ya yi sama da kai kamar buhun riɗi.

Baba Garba (Maiwurno): Jikana ne ke rubuta min, don idona ba ya ganin waɗannan ƙananan baƙaƙe. Usmanu ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma wannan magana ka bar ta inda ka tsince ta. Na yi kokawa shekara goma sha takwas, tun daga nan bakin kogi har ƙauyukan Jazira lokacin tsinkar auduga, ba wanda ya taɓa ɗaura min tsumma ya ce ga matsayinka. Ƙasa ce ke faɗin matsayin mutum. Ka ka da ni jiya, kai ne babba jiya. Na ka da kai yau, ka sauko. Yaron da ya ce shekara guda yana faɗuwa ba a ba shi komai ba, ka ce masa an ba shi, faɗuwar ce aka ba shi. Mu da ita muka koya.

Ustaz Nuhu (Jidda): Baba, Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa zan ɗan ja da maganarka. Na yi judo shekara tara nan Jidda kafin gwiwa ta tsayar da ni, kuma abin da mutane ba su sani ba, ita kanta ɗamarar ba daɗaɗɗiya ba ce. Mutumin Japan da ya kafa judo, Jigoro Kano, a 1882 ya buɗe makarantarsa a Tokyo. Kafin shi, malaman faɗa na can takarda suke rubuta wa almajiri in ya ƙware, kamar yadda ake ba da ijaza a wurinmu. Shi ya aro tsarin matakai daga wani wasan dara nasu da ake kira go, kuma da farko launi biyu ne kawai, fari da baƙi. Wannan rawaya da kore da shuɗi da yaran Usman ke rububi, a Turai suka bazu a shekarun 1930, musamman ta hannun wani malamin judo ɗan Japan da ya zauna Faransa, saboda an lura ɗaliban can ba su da haƙurin shekaru ba tare da ganin alamar ci gaba ba. Karate ma a wurin judo ta ara. To ka gani Baba, matsalar da ta sami Usman yau ita ta sami waɗancan, kuma maganin da suka yi ya yi aiki.

Haruna Mai Agashe (Bur Sudan): Tsaya Ustaz. Kano? Ashe ɗan gida ne. Ka ce Bakano ne ya ƙirƙiro abin, shi ya sa akwai kuɗin jarrabawa a ciki.

Ustaz Nuhu (Jidda): Ya zol, ka ji tsoron Allah, akwai Kanawa a zauren nan.

Ɗan Damagaram (Makka): Salamu alaikum. Ni ina bayan Baba, kuma ba da ka nake magana ba, ina da hujja. A duk inda Bahaushe yake, ba inda aka tsara kokowa kamar Nijar. Tun 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maradi ya fara ɗauka. Jihohi takwas, kowace ta kawo 'yan kokowa goma, mutum tamanin kenan. In ka faɗi sau ɗaya, kai da takobi sai baɗi. Shekara wajen hamsin ana wannan, da alƙalai da likitoci da rediyo da talabijin, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak tana saurare, ba wanda ya ce a kawo ɗamara. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas ƙarshen 2023. Duk da haka in shekara ta zagayo, daga karon farko zai fara kamar kowa, kuma yaron da ba a san sunansa ba yana iya tura shi gida ranar farko. Daɗin kokowa kenan. In ka ɗaura wa mutum baƙar ɗamara ta har abada ka kashe wannan.

Ustaz Nuhu (Jidda): Ɗan Damagaram, kana haɗa abu biyu. Takobi kambu ne, kamar ɗamarar da 'yan damben boksin ke ƙwace wa juna in sun zo Riyad. Wannan ta mutum ɗaya ce, ana cin ta ana rasa ta. Ɗamarar judo ba ta cewa ka fi kowa. Cewa take ka san kaza da kaza. Kamar mai izu goma da mai izu sittin. Mai izu goma yana iya fin mai sittin daɗin murya, amma ba ya hana a san wa ya sauke.

Baba Garba (Maiwurno): To Nuhu, in mai baƙar ɗamararka ya shigo fili, wani ƙato ya taso daga gonar dawa, bai san sunan kamu ko ɗaya ba, ya ɗaga shi ya nana da ƙasa a gaban mata da yara, ɗamarar ta wa ce? Ya kwance ya ba ƙaton ko ya tafi da ita gida yana jin kunya? Na ga irin wannan da idona ba sau ɗaya ba. Karatu daban, kokawa daban. Allo ba ya tashi ya ka da mai shi.

Sadik (Kasala): Baba ya gama magana wallahi.

Ummu Yasir (Kasala): Assalamu alaikum. Ni mace ce, ban taɓa kokawa ba, amma ni na kwana asibiti da wanda ya yi, don haka ku ba ni dama. Baba ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bara yarona, shekararsa goma sha ɗaya, aka haɗa shi da wani ɗan sha biyar a wasan unguwa, wai ai jarumi ne zai iya. Da ya ga zai faɗi sai ya kafa hannu a ƙasa ya sandare shi don kada bayansa ya taɓa. Hannun ya karye a wuri biyu. Sati shida da filasta, ga halin da ake ciki na magani da tsada. Ƙaninsa kuma yana zuwa wani nadi na judo, wata guda cur ba abin da aka koya masa sai faɗuwa: yadda zai naɗe haɓarsa, ya mari ƙasa da hannu, ya mirgina. Har na je na yi musu faɗa na ce kuɗina nake biya a koya wa ɗana faɗuwa? Yanzu na gane. Ku 'yan kokawa, da yake faɗuwa ce abin kunya a wurinku, ba mai koya wa yaro yadda ake yin ta. Kuma can in babba ya ga farar ɗamara ya san sabon shiga ne, sai ya sassauta masa. A filinku me ke gaya wa ƙato ya sassauta?

Usman Koci (Gadarif): Yaya, Allah ya ƙara masa lafiya. Wallahi kin taɓo inda ke min ciwo. Ni kaina ban taɓa ware rana na ce yau faɗuwa za mu koya ba. Yadda aka koya min haka nake koyarwa.

Ummu Yasir (Kasala): Amin. Amma kada ku ɗauka ina yabon masu ɗamara ne gaba ɗaya. Kowane wata uku sai an ce jarrabawa, a kawo kuɗi, a sayi sabon hizami, a biya na takarda. Kuma ban taɓa jin yaron da ya biya ya faɗi ba. Ko ɗaya.

Haruna Mai Agashe (Bur Sudan): Na faɗa muku akwai Bakano a ciki.

Malam Idi (Damazin): Haruna, gargaɗi na farko. Jama'a, tun da ana ta kawo Japan da Nijar, bari in kawo abin da ya fi kusa da mu. Malaman sira sun kawo cewa gab da yaƙin Uhudu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya duba matasa ya mayar da waɗanda suka yi ƙanƙanta. Aka bar Rafi'u ɗan Khadij saboda ya iya harbi, aka mayar da Samura ɗan Jundub. Samura ya ce ai ni ina ka da Rafi'u. Aka ce su kama. Suka kama, Samura ya ka da shi, aka bar shi ya tafi. Ba a tambaye shi shekara nawa ya yi yana koyo ba, ba a tambayi wa ya koya masa ba.

Ɗan Damagaram (Makka): Allahu akbar. Shi ke nan, Malam ya raba gardama.

Ustaz Nuhu (Jidda): Allah ya gafarta Malam, ni kuwa sai na ga ƙissar tawa ce. Me aka yi wa Samura in ba jarrabawa ba? An gwada shi da sa'ansa, ya ci, aka ɗaga shi daga sahun yara zuwa sahun manya. Kuma lura, da sa'ansa aka haɗa shi, ba da Umar ɗan Khaɗɗabi ba. Maganar Ummu Yasir kenan.

Malam Idi (Damazin): Ustaz, kai da jan nassi. To na ji, amma gwajin a fili aka yi shi gaban jama'a, ba a ɗaki da rasit ba.

Baba Garba (Maiwurno): 'Yata Ummu Yasir, Allah ya ba yaro lafiya, kuma wanda ya haɗa ɗan sha ɗaya da ɗan sha biyar bai san kokawa ba, ko wane ne. A zamaninmu akwai tsari, ba a rubuce yake ba kawai. In kaka ta yi aka share fili, yara ƙanana ke buɗe wasa tun rana da sauran zafi. Sai samari. Manya ba sa tuɓe riga sai kiɗa ya yi kiɗa. Kuma ba kai ke cewa na isa ba. Dattawan gefe ne, tsofaffin 'yan kokawa, su ke kallon ƙafarka da yadda kake numfashi, wata rana ɗaya ya ce kai, gobe ka shiga cikin samari. In ka yi rawar kai ka je ka tsuguna gaban wanda ya fi ka, shi da kansa zai dafa kanka ya ce je ka ka ƙara cin tuwo. Abin kunya ne babba ya ka da yaro. To wannan ne ya watse, saboda mutane sun watse. Dattawan da za su zauna gefen filin Usmanu, wani yana Kasala, wani yana Masar, wani yana ƙasa. Ba tsumma ne ya ɓace muku ba.

Usman Koci (Gadarif): Baba wannan gaskiya ce. Ni kaɗai ne babba a filin, sai wani mai shayi da ke kallo daga nesa.

Baba Garba (Maiwurno): Kuma in alama kuke so, muna da ita. Kirari. Makaɗi ba ya yi wa sabon shiga kiɗa. Ranar da ka ji an saka sunanka a ganga, ka san ka zama mutum. Nawa har yau in tsofaffi suka gan ni a kasuwa da shi suke kirana, ga shi ko akuya ba na iya kayarwa.

Haruna Mai Agashe (Bur Sudan): Baba da girmanka, makaɗi ma fa sai an miƙa masa. Wanda ya fi liƙi ya fi dogon kirari. Kuma maganar ba ku ɗaura komai a ƙugu, to guru da layun nan fa? Na ga hoton wani ɗan kokawa, abin da ke ƙugunsa ya fi kilo uku. Wannan baƙar ɗamara ce ko wace iri?

Ɗan Damagaram (Makka): Wannan sirrin fili ne, ba a tattauna shi a waya.

Malam Idi (Damazin): Kuma ba za a tattauna shi a nan ba, don in aka buɗe wannan babi ni zan fi kowa magana kuma ba za ku ji daɗi ba. A koma kan ɗamara.

Sadik (Kasala): Ni fa gaskiya duk wannan surutu ne. Karate rawa ce. A kawo min mai baƙin hizami ko wane ne, minti ɗaya ya yi yawa.

Ustaz Nuhu (Jidda): Sadik ƙanena, ka nemi bidiyon Tarik Hamidi na Saudiyya a wasan ƙarshe na karate a gasar Olamfik ta Tokyo, 2021. Ƙafa ɗaya ya kai wa ɗan Iran a wuya, mutumin ya faɗi sumamme, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Har aka hana Tarik zinare saboda bugun ya wuce ƙa'ida, aka ba shi azurfa. In ka gama kallon rawar ka dawo mu yi magana.

Sadik (Kasala): Ai sai ya samu damar ɗaga ƙafar.

Malam Idi (Damazin): Sadik, hadisi ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Kai ga shi ba ka ka da kowa ba, kuma ba ka mallaki yatsunka ba. Ajiye wayar ka sha ruwa.

Usman Koci (Gadarif): Bari in faɗi abin da na gani a unguwar Haj Yusif ta Hartum, tun da can na girma. Duk Juma'a da yamma muna filin kokawar 'yan uwanmu Nuba. Ba ɗamara a can, amma kowa a filin, har mai sayar da ruwa, ya san wane ne farisi, wato gwarzon fili, wane ne mai tasowa. Wanda ya yi kaye a ɗauke shi a kafaɗa a zagaya da shi, mutane na manna masa kuɗi a goshi. Yaro yana zaune yana kallo, ya san abin da yake nema kenan. Yarana na nan ba su taɓa ganin wannan ba. Ba taro, ba kiɗa, ba wanda za a ɗauka a kafaɗa. Daga ni sai ƙura. Shi ya sa hizami rawaya ya fi ƙarfina. Baba yana da gaskiya cewa ƙasa ce alƙali, amma alƙali ba ya zama sai da jama'a.

Ustaz Nuhu (Jidda): To ga wata hanya, kuma daga masu kokawa ta fito ba daga masu karate ba. A Mongoliya, gasarsu ta Naadam da ake yi duk watan Yuli, yawanci mutum 512 ke shiga, zagaye tara. Wanda ya tsallake zagaye biyar a ba shi laƙabin shaho, bakwai giwa, wanda ya cinye duka zaki. Laƙabin nasa ne har ya mutu, amma ba malami ne ya ba shi ba, ba kuma saya ya yi ba, a fili ya ci. Su kuma 'yan sumo na Japan, gasa shida suke yi a shekara, kowace kwana 15, kafin kowace a fitar da jerin matsayi: ka yi nasara da yawa ka hau, ka sha kaye ka sauko. Sai mai matsayin ƙoli kaɗai ba a sauke shi, shi in ya gaza murabus yake yi. Kun ga akwai matakai, kuma ƙasa ce ta ba da su.

Baba Garba (Maiwurno): Waɗannan na shaho da giwa mutanen kirki ne. Wannan ai kirari ne aka yi wa rajista. Da wannan ka fara kawowa Nuhu da ba mu ɓata yamma ba.

Ɗan Damagaram (Makka): Ni dai har yanzu ban yarda da abin da ba a ƙwacewa ba. Amma in na yara ne, ba ruwana. Sharaɗi ɗaya: kada wani ya shigo da shi filin manya.

Ummu Yasir (Kasala): Ku sa musu sunan shaho ko na jimina, ni ba shi ne damuwata ba. A auna su. Ko kokawar Olamfik da muke gani a talabijin ajin nauyi gare ta, mai kilo 57 ba ya kama mai kilo 125. Kuma kada yaro ya kama kowa sai ya iya faɗuwa.

Usman Koci (Gadarif): To ga abin da na tsayar, ku gyara min. Mataki uku kawai, na 'yan ƙasa da sha biyar. Na farko ba ya karawa da kowa sai ya iya faɗuwa ta baya da ta gefe ba tare da kafa hannu ba, ya iya tsayuwa. Na biyu sai ya nuna kamu biyar da yadda ake kwance kowanne. Na uku ba ni zan ba da shi ba, sai yaro ya ka da sa'o'insa uku a taron Juma'ar ƙarshen wata, gaban iyaye. Alama kuma zare ne a damtse, ba a ƙugu ba, saboda Haruna. Ba ko sisi. Wanda ya wuce sha biyar ya cire zaren ya shiga fili kamar kowa. Ustaz, ina buƙatar ka ɗauko min bidiyon yadda kuke koyar da faɗuwar nan, a hankali yadda zan gane.

Ustaz Nuhu (Jidda): Tamam. Gwiwar ba za ta bar ni in yi da kaina ba, amma zan sa ɗana ya yi a kan katifa in ɗauka. Ka fara da su a kan yashi mai laushi, daga tsugune, kada ka fara daga tsaye.

Baba Garba (Maiwurno): Zaren nan dai ban so shi ba, kuma ba zan so shi ba. Amma taron ƙarshen wata, wannan ka riƙe shi da kyau. Ka nemo makaɗi ko da mai jarka ne. Ka nemo tsofaffi biyu su zauna gefe, Gadarif ba ta rasa wanda ya taɓa kokawa, ka duba wajen masu dako a kasuwar amfanin gona. In hanya ta yi kyau bayan an gama yankan riɗi, ni da kaina zan zo in ga ƙafar yaran nan.

Usman Koci (Gadarif): Allah ya kawo ka lafiya Baba, jabana, gahawar nan tamu, tana jiranka. Saura ma'auni, ba ni da shi.

Haruna Mai Agashe (Bur Sudan): Kana Gadarif kana neman ma'auni? Garin da ake auna riɗin duniya? Akwai ɗan ƙanwar babata a kasuwar, yana da sikelin buhu, zan turo maka lambarsa ta gefe. Sai dai ka gaya wa yaran su tsaya cak, don shi in abu ya hau sikeli farashi yake faɗa.

Sadik (Kasala): Koci, 'yan sha tara fa? Ba zare?

Usman Koci (Gadarif): Kai ka zo ranar Juma'ar, akwai wani ɗan dako da nake so ku gaisa.